Turaren Baba Feshi

Baba Feshi ya juya kwalin turaren karo na uku yana neman inda aka rubuta ƙa'idar amfani, bai gani ba. Ya kai shi bakin taga, ya gyara zaman tabarau, ya duba gindi, ya duba gefe. Babu komai sai suna da baƙin rubutu a kan farin kwali, da wasu ƙananan kalmomi cikin harshen da bai iya ba. Abin ya ɗaure masa kai. Shekara talatin da ɗaya yana feshin maganin ƙwari a otal-otal da ofisoshi da ɗakunan ajiyar kaya, bai taɓa buɗe kwalbar da ba a faɗi murfi nawa ake zubawa a lita nawa ba. Ko maganin kyankyaso mafi arha da takardarsa yake zuwa. Ga abin da aka ce sai masu hannu da shuni ke taɓa shi, an bar mutum da hankalinsa kawai.

Wata tsohuwa ce ta ba shi, shekara shida da suka wuce, ranar da ya raba ɗakin karatunta da gara. Ta ji daɗin aikin ƙwarai, ta shiga ciki ta fito da kwalin a rufe da ledarsa, ta ce ya kai gida. Ya yi godiya, ya kai gida kamar yadda aka ce, ya sa shi a ƙasan akwati tare da takardun makarantar 'yarsa. Mutumin da yake wuni da tanki a baya, me zai yi da turare? Sai yau ya tuna da shi.

'Yar tasa Auta ake ce mata, ko da yake ita ce ta fari kuma ita ce ta ƙarshe, don ita kaɗai Allah ya ba shi kafin uwarta ta rasu. Ranar Litinin ta haifi mace. Kafin yamma likitoci suka ce zuciyar jaririyar ba ta bugawa yadda ya kamata, aka kai ta ɗakin jarirai. Baba Feshi yana ƙarƙashin wani otal yana fama da kyankyasai aka yi masa waya. Ya wanke hannu, ya sake riga, ya ruga asibiti. A bakin ƙofar ɗakin wata nas ta tare shi, ta ce warin maganin ƙwari yake yi, ba za ta bar shi ya shiga inda jarirai ke numfashi da kyar ba. Ta gilashi ya leƙa, abin da ya iya gani na jikar tasa bai wuce tafin ƙafa ɗaya ba.

Yau Alhamis da ƙarfe huɗu motar asibiti za ta ɗauki jaririyar da uwarta zuwa babban asibiti, tafiyar wuni guda, inda za a yi mata aiki. Likita bai yi wa kowa alkawarin komai ba. Abin da aka yarda shi ne daga ƙarfe biyu zuwa huɗu kakanni su shiga su ɗauke ta. Baba Feshi bai taɓa son wani abu a rayuwarsa kamar yadda yake son wannan ɗaukar ba.

Kwana uku bai taɓa tanki ba, wanka yake safe da yamma. Amma ko warin ya fita ko bai fita ba, ba shi da hanyar sani, domin hancinsa ya mutu tun kusan shekara goma. Maganin ya cinye shi a hankali, har wata rana ya wayi gari albasa da sabulu duk ɗaya suke a wurinsa. Bai gaya wa kowa ba. In aka ce wani abu na wari, shi ma sai ya yamutsa fuska ya taya su. Ya san in Auta ta ji, tankin nan sai ya neme shi ya rasa.

Tunda masu turaren ba su ga dama sun yi bayani ba, sai ya koma ga abin da ya sani. Ya zare kwalbar daga kwali. Mai kusurwa huɗu ce, da nauyi a hannu, ruwan ciki launin shayi marar madara. Ya girgiza ta sosai, ya gwada sau biyu a iska, ya ga feshin yana fita sumul ba tsartuwa, ya gyaɗa kai. Sai ya tambayi kansa, ina wari ke ɓuya? Ai inda kyankyaso ke ɓuya, wato lungu da duhu da inda danshi yake. Ya fara da hammata, ya bi wuyan riga, da bakin hannu, da aljihu, da bayan gwiwa, da cikin hula, bai manta da takalma ba. Da ya gama da lunguna ya bi jiki gaba ɗaya daga sama zuwa ƙasa, layi na hawa kan layi don kada a bar giɓi. Daga nan ya rufe taga da ƙofa. A wurin aiki yakan ce wa masu gida su fita su bar ɗaki a rufe awa ɗaya don magani ya kama. To yau shi ne ɗakin, sai ya zauna a bakin gado yana duba agogo.

Idanunsa suka ɗan yi ruwa, ya ji ɗaci a bayan harshe, ya ɗauki wannan alama ce mai kyau. Kwalbar ta koma rabi. Ya ɗauke ta ya kai hanci bakinta, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika. Sanyi kawai ya ji. A nan ne wani son sani ya kama shi, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Mene ne a cikin ruwan nan da mutane ke kashe dukiya a kansa? Ga shi a jikinsa tun daga hula har takalmi, amma duk garin shi kaɗai ne ba zai san abin da ya sa ba.

Telan da ke ƙasan benensu ne ya fara cin karo da shi. Yana cikin ɗinki ya yi atishawa uku a jere, ya ɗago, ya tambaya ko Baba ya canja sana'a ne. Baba Feshi ya yi kamar gwada shi yake, ya ce to in ya isa ya faɗi ƙamshin mene ne. Tela ya shaƙa daga nesa, ya ce kamar sabon sabulu mai tsada, da wani abu mai kaifi kamar ɓawon lemo, amma dai a yi haƙuri a matsa daga kan yadin mutane.

A bas abin ya fi haka. Yana shiga aka fara zuge tagogi. Direba ya leƙa madubi ya tambaya wa ya fasa kwalba a motarsa, wani mutum mai jaka ya tashi ya koma can baya ya tsaya. Wannan bai dami Baba Feshi ba, ya saba mutane su ba shi wuri a mota. Abin da bai saba gani ba shi ne wani ya matso. Wata mata mai furfura, da jakar hannu a cinya, ta baro kujerarta ta zauna kusa da shi. Ta lumshe ido, ta daɗe a haka, sannan ta faɗi sunan turaren, daidai da abin da ke jikin kwalin.

Ta ce ta yi shekara ashirin tana sayar da turare a wani babban kanti kafin ta yi ritaya, kuma wannan ko a mafarki ta ji shi za ta gane. Ya girme su su duka biyun, in ji ta, tun zamanin iyayensu ake yin sa kuma har yau ba a daina nemansa ba. Baba Feshi ya gyara zama, tambayoyi suka yi ta zuwa. Da me ake haɗa shi? Me ya sa yake tsada? Yana lalacewa in ya daɗe? Ta ce furanni ne iri-iri da itatuwa, wasu furannin sai da sassafe ake tsinkar su kafin rana ta taɓa su. Ta ce kuma ba ƙamshi ɗaya ba ne, hawa uku ne. Na farko mai kaifi ne, ya buge ka ya wuce. Bayan kamar awa ɗaya furannin su buɗe. Can ƙarshe sai wani ƙamshi mai nauyi ya kwanta a fata, wanda har gobe yana nan.

Daɗi ya kama Baba Feshi, don wannan yaren ya san shi. Ya ce ai haka magani mai kyau yake, akwai mai kayar da ƙwaro nan take, akwai mai zama a bango wata uku yana aiki. Matar ta dube shi, ba ta san ko ta yi dariya ba. Shi kuwa ya samu wadda ta san aiki, sai ya yi tambayar da ke cin sa tun safe, wato nawa ake sawa.

"Ɗigo ɗaya, Baba," in ji ta. "Bayan kunne, ko nan a wuyan hannu. Kai nawa ka sa?"

"Rabin kwalba."

Ta sa hannu ta rufe baki. Da ta samu ta shanye dariyar, ta rage murya ta ce masa na mata ne fa.

Kunya ta ɗan taɓa shi, amma ba ta kai son sanin ba. Ya tambaye ta yanzu wane hawa yake, kuma kamar me yake. Ta sake lumshe ido. Ta ce furannin sun fara fitowa, amma ita ba fure take ji ba, jakar mahaifiyarta take ji, lokacin da takan buɗe ta a tashar jirgin ƙasa ta ciro musu tikiti. Ta faɗi haka ta juya tana kallon taga. Baba Feshi ya yi ta juya maganar har ya sauka. Tela ya ce sabulu, wannan ta ce jakar uwarta, kuma kwalba ɗaya ce.

Ƙarfe biyu da kwata ya hau bene zuwa ɗakin jarirai. Nas ɗin ranar Litinin ce a bakin ƙofa, gajeriya, mai tabarau a kan goshi. Tun yana farkon barandar ta ɗago kai tana neman inda abin ke fitowa. Da ta ga shi ne, sai ta ajiye biro ta taso ta tare shi tun bai kai rabi ba. Ta nuna masa takardar da ke manne a bango, wadda ranar Litinin hankalinsa bai kai kanta ba. An hana shiga da turare kowane iri. Ta ce huhun yaran nan bai fi ɗan yatsa ba, turare da maganin ƙwari duk ɗaya ne a wurinsu, wannan da ya sha ma ko babba sai ya yi tari.

Baba Feshi ya tsaya da hula a hannu. Baƙin ciki ya cika shi, da haushin kansa, har ya rasa inda zai sa ido. Nas ɗin ta ci gaba da faɗa, tana tambaya shi bai ji yadda yake tashi ba ne, mutum da girmansa.

"Sista, ban ji ba," ya ce. "Hancina ba ya jin komai. Shekara goma ke nan. Ko 'yata ba ta sani ba."

Bai taɓa faɗin wannan da bakinsa ba, sai ga shi ya faɗa wa wadda ta kore shi sau biyu. Ta sauke tabarau daga goshi ta dube shi da kyau. Ta ce doka dai doka ce, ba za ta karya ta ba. Amma a ƙasa, bayan ɗakin girki, akwai wurin wanki, ya je ya ce ita ta turo shi. Ta duba agogon da ke maƙale a rigarta ta ce saura awa ɗaya da rabi, kuma motar ba ta jira.

Mai wankin asibitin ƙato ne mai fara'a, yana tsaye tsakanin injuna biyu da ke ta juyi. Ya saurari bayani, ya yi dariya har da dafa bango, sannan ya kawo bokiti da sabulu marar ƙamshi, ya nuna masa wani ɗan banɗaki. Ya ce bari ya tara masa ruwan zafi, Baba Feshi ya ce a'a. Nan kam fagensa ne. Wanda magani ya zube masa a jiki ba ya wanka da ruwan zafi, don zafi buɗe fata yake abin ya ƙara shiga. Ya tuɓe kayan duka, har hula da takalma, ya ƙulle su a leda. Ya fara daga kai ya gangara da ruwan sanyi, ya bi ƙarƙashin farce, ya bi duk lungunan da ya fesa ɗazu ɗaya bayan ɗaya. Ya dai gode Allah da ya san inda ya sa.

Mai wanki ne ya zama hancinsa. Bayan wanka na farko Baba ya miƙo hannu ta ƙofa, mai wanki ya shinshina ya ce lambun fure sak. Bayan na biyu ya ce lambun ne dai, amma an ɗan yi nisa da shi. Bayan na uku ya daɗe yana shaƙa, ya ce yanzu furen ya tafi, saura wani abu kamar cikin tsohon kabad na katako, da hodar jarirai. Baba Feshi yana rawar sanyi, haƙora na haɗuwa, amma sai da ya jinjina wa wanda ya haɗa turaren nan. Wanka uku da sabulu, abu yana nan daram. Ko wane ne, ya san aikinsa, kuma da zai gan shi da ya tambaye shi da me yake kama shi a fata haka. Ya tambayi lokaci, aka ce uku da rabi ta wuce. Ya koma ya yi na huɗu.

Saura minti ashirin ya hau bene cikin koren wando da riga na ma'aikata, da silifas na roba da suka yi masa yawa. Nas ta tarbe shi. Ta zaunar da shi a benci, ta jiƙa auduga da sifirit, ta goge masa wuya da bayan kunnuwa da hannaye har gwiwar hannu, ta jira ya bushe. Sannan ta kama hannunsa ta kai hancinta. Baba Feshi ya kafa mata ido yana karanta fuskarta, yadda ya saba karanta fuskar mutane shekara goma. Ta saki wannan ta kama ɗayan. Ta ce yana nan, amma sai wanda ya manna hanci a fatarsa zai ji. Ta ɗauko doguwar riga mai dogon hannu ta zura masa a kai, ta ɗaure ta a wuya da baya.

"Minti biyar," in ji ta. "Je ka ga amaryar taka, ka sha mata wanka."

Auta na zaune kusa da ɗan gadon, an riga an haɗa jakunkuna a gefenta. Ta rame a kwana huɗun nan, idanunta sun faɗa. Da farko ta ɗauka wani ma'aikaci ne ya zo ɗaukar kaya, sai da ya yi magana ta miƙe. Ta tambayi ina kayansa, ya ce labari ne mai tsawo. Ta matso ta gyara masa wuyan rigar, sai ta tsaya, ta ɗan shaƙa, ta dube shi.

"Baba, turaren mata ka shafa?"

Ya ce kaɗan ne. Nas da ke bayansa ta yi tari ta juya tana duba wata takarda. Auta ta yi dariya, ƙarama, wadda rabonta da ita tun ranar Litinin, sai kuma hawaye suka biyo baya ta share da bayan hannu.

Ta ɗago jaririyar a hankali, tana kiyaye siririn bututun da ke hancinta, ta ɗora masa a hannu. Bai san haka za ta yi rashin nauyi ba, tankinsa ko babu komai a ciki ya fi ta. Ya ga ƙafar nan da ya gani ta gilashi, ya ga 'yar'uwarta, ya ga yatsun hannu da farce kamar an zana. Goshin na Auta ne, kunnuwan kuwa nasa ne, Allah ya ba ta haƙuri. Tsoro da farin ciki suka haɗu suka cika shi.

Auta ta ce tun da ta haihu ba ta da aiki sai shinshinar kan jaririyar. Ta ce tana tarawa ne, don in an shiga da ita ɗakin tiyata an rufe ƙofa, ta samu abin da za ta riƙe. A bakin ƙofa mutum biyu sun iso da gado mai taya, nas ta ɗaga musu hannu su dakata.

"Sa hancinka a kanta, Baba," in ji Auta. "Duk turaren duniya babu kamar wannan."

Ya sunkuya. Ya kai hancinsa kan jaririyar ya ja numfashi a hankali, kuma kamar kullum babu abin da ya zo. Amma bai ɗago ba. Ɗumin kan ya taɓa masa hanci, gashin mai laushi ya shafi leɓensa, a ƙarƙashin leɓen kuma maɗigarta tana bugawa, ƙanana-ƙanana da sauri, ta ɗan yi tuntuɓe, ta ci gaba.

"Ka ji?"

"Na ji," in ji Baba Feshi.